Ranar Da Gana Ta Kori Masu Noma Mata Koko

Daga wakilinmu na Arewa

Ran 18 ga watan Nuwamba na shekarar 1969 Gwamnatin ƙasar Gana ta ba da sanarwa cewa duk baƙon da ba shi da takardar izinin zama an ba shi kwana 14, ko dai ya sami takardar ko kuwa ya tattara nasa ya nasa ya bar ƙasar. A lokacin nan Firayim Minista Dokta Kofi Busia bai ko cika wata uku da cin zaɓe ba.

Galibin waɗanda dokar ta faɗa wa ba su taɓa riƙe fasfo ba, don kuwa sa'ad da suka shigo ba wanda ya tambaye su. Akwai waɗanda aka haifa a can, ba su san wani gida ba in ba zangon Kumasi ko na Akra ba. Cikinsu da akwai Yarbawa 'yan tireda, da Hausawa mahauta da fataken goro, da Zabarmawa 'yan dako, amma da yawansu leburori ne waɗanda gumin goshinsu ya ɗaga Gana har ta zama ba ta da na biyu wajen noman koko a duniya.

Ya kamata duk wanda ya bar gida ya zo kurmi neman abinci ya san wannan labari. Ya nuna yadda ƙasa kan kira baƙo idan aiki ya fi ƙarfin hannuwanta, sa'an nan ta ɗora masa laifi idan kasuwa ta faɗi. Ya kuma nuna cewa korar ba ta yi wa kowa maganin talauci ba.

Yadda baƙi suka cika ƙasar

Tun kafin Bature ya zo kakanninmu sun san wannan hanya. Fatake kan tashi daga Kano da Katsina da Sakkwato da jakuna, ɗauke da kanwa da tufafi da kayan dukanci, su yi wata da watanni kafin su isa Salga ta ƙasar Gwanja, inda suke sayen goron da Ashantawa, watau Tonawa, ke kawowa daga kurmi. Da yaƙin basasa ya watsa Salga a 1892, sai 'yan kasuwa da malamanta suka bazu zuwa Kete Krachi da Kumasi da Akra, suka ƙara wa zangunan waɗannan garuruwa jama'a. Wasu Hausawan kuma ta hanyar soja suka shiga, irin waɗanda Kyaftin Glover ya ɗiba daga Ikko suka yi wa Ingilishi yaƙi da Ashantawa a 1874.

To, amma abin da ya jawo mutane dubu bisa dubu shi ne koko, irin wanda ake yin cakulan da shi. A 1879 wani maƙeri ɗan ƙasar mai suna Tetteh Quarshie ya komo daga tsibirin Fanando Po da irin, ya shuka a Mampong ta ƙasar Akwapim. Manoma suka ga akwai kuɗi, suka shiga sayen daji suna sarewa. Kafin 1911 Gwalkwas, watau sunan Gana a zamanin Turawa, ta wuce kowace ƙasa wajen fitar da koko. Abin lura shi ne ba kamfanonin Turawa ne suka yi wannan aiki ba, manoman ƙasar ne da kansu, kuma ba su da injin kome sai adda da gatari. Mai gona biyar a wurare dabam dabam ba shi da yadda zai yi sai ya nemi hannu.

Hannun kuwa daga arewa ya fito. Akwai mutanen arewacin Gana kanta, akwai Mosawa daga ƙasar da yanzu ake kira Burkina Faso, akwai mutanen Togo, da Zabarmawa daga Nijar, da na Gao daga Mali, da 'yan Nijeriya. Waɗanda ke ƙarƙashin Faransa suna da dalili biyu na gudowa: harajin da sai da tsabar kuɗi ake biyansa, da aikin tilas wanda Faransa ba ta soke ba sai a 1946. Saurayi ya gwammace ya taka ƙasa sati biyu ko uku zuwa Kumasi a biya shi ladan aikinsa, da a kama shi a kai shi fasa dutsen hanya kyauta.

Aikin koko da rabon abusa

Mai karatu wanda bai taɓa shiga gonar koko ba zai yi zaton da an shuka itace sai a zauna a jira kuɗi. Ba haka abin yake ba. Da farko sai an sare daji, an shuka ayaba da gwaza don su yi wa ƙananan itatuwan inuwa, a yi ta nome ciyawa wajen shekara biyar kafin a ga ɗan fari. 'Ya'yan a jikin kututture da rassa suke fitowa, kowanne kamar ƙaramar gwanda. Idan sun nuna sai a yanko su da adda, na sama kuma da wuƙa a bakin doguwar sanda, a tara, a fasa ɗaya bayan ɗaya a kwashe ƙwayoyin da hannu. Daga nan a tsiba su a lulluɓe da ganyen ayaba wajen kwana shida har farin naman da ke jikinsu ya narke, sa'an nan a shanya a kan tabarmi ana juyawa sati guda ko fiye. In sun bushe, a wancan zamani a ka akan ɗauka, kaya ɗaya laba 60, a ratsa daji zuwa inda sikeli yake.

Babban girbin koko yakan kama ne daga wajen Oktoba zuwa Fabrairu. Wannan ya yi daidai da lokacin da mutumin arewa ya gama kai dawarsa rumbu ba shi da aikin yi, watau lokacin cin rani. Shi ya sa abin ya ɗore: mai gona na bukatar hannu daidai lokacin da ɗan ci-rani ke neman aiki.

Hanyoyin biya iri iri ne. Wani a ɗauke shi na shekara, a ba shi ɗaki da abinci da adda, a biya shi bayan an sayar da amfani. Wani kuma gwargwadon kayan da ya haɗa ake biyansa. Amma wadda ta fi shahara ita ce abusa, kalmar Ashantanci mai nufin raba abu uku. Mai gona zai danƙa wa baƙo gonar da ta riga ta fara haihuwa, shi zai yi shara da girbi da shanya, in an sayar ya ɗauki kashi ɗaya cikin uku, mai gona ya ɗauki biyu. Da wannan tsari mai gona ya sami sukunin tafiya gaba ya buɗe sabuwar gona, baƙo kuma ya sami abin sayen keke da zannuwa da kuɗin aure. Da yawa daga 'yan abusa suka daina komawa gida, suka kawo iyalinsu suka zauna.

Ba a gona kaɗai aka dogara da baƙi ba. Su ne suka yi yawa a cikin ramukan zinariya na Obuasi da Tarkwa da Prestea, da wuraren haƙar lu'ulu'u na Akwatia. Mutanen Kuru na Laberiya suna aikin lodi a bakin teku. Dako a kasuwannin Akra da Kumasi na Zabarmawa ne. Fawa da cinikin shanu da goro suna hannun Hausawa da sauran mutanen zango, gadi kuma na 'yan arewa ne. Yarbawa, musamman na Ogbomosho da Shaki da Igboho, su ne ke kai gishiri da ashana da sabulu da yadi har ƙauyen da mota ba ta zuwa, su kuma ba manomi bashi sai kaka.

Ƙidayar da aka yi a 1960 ta fito da abin a fili. Mutanen Gana duka miliyan 6.7 ne, cikinsu fiye da 800,000 asalinsu na waje ne, watau wajen mutum 12 cikin kowane 100. Mutanen Togo ne suka fi yawa, sai Mosawa da maƙwabtansu, sai 'yan Nijeriya wajen 190,000.

Da farashi ya faɗi

Muddin koko na kuɗi ba wanda ya damu da ko daga ina lebura ya fito. A kakar 1964 zuwa 1965 Gana ta girbe fiye da tan 550,000, abin da ba ta taɓa yi ba. Sai dai a wannan lokaci ne kuma farashi ya rushe a kasuwar duniya, ga bashin manyan ayyuka ya yi wa Gwamnatin Dokta Kwame Nkrumah katutu. Kaya suka yi wuya a kanti, soja suka hamɓare shi ran 24 ga Fabrairu 1966.

Waɗanda suka gaje shi suka tarar da samari da yawa sun gama makaranta suna yawo a birni ba aiki, ga 'yan kasuwar ƙasa suna kukan cewa Kwarori da Indiyawa da Yarbawa sun tare musu ciniki. Tun a 1968 Gwamnatin soja ta yi dokar keɓe wa 'yan ƙasa wasu sana'o'i. Da aka zo zaɓen 1969 maganar baƙi ta riga ta zama abin yaƙin neman ƙuri'a. Aka ce su ne suka cinye ayyuka, su ne masu fasa-ƙwauri, su ne suka cika gidajen kurkuku. Magana ce mai daɗin faɗi, don kuwa baƙo ba shi da ƙuri'ar da zai rama da ita.

Kwana 14 ba su isa mutum ya sami fasfo daga ofishin jakadancin ƙasarsa ba, balle izinin zama. Ofisoshin suka cika maƙil, 'yan sanda suka shiga kame, tsoro ya kama har waɗanda dokar ba ta shafa ba. Mutane suka riƙa sayar da gida da rumfar kasuwa da keken ɗinki a kan kuɗin da bai taka kara ya karya ba, wasu ma suka bar nasu haka nan. Manyan motoci suka yi jerin gwano zuwa Aflao, kan iyakar Togo, mata da yara a bisa kaya, wasu suka yi kwanaki a fili suna jiran a bar su su wuce. 'Yan Nijeriya kuma suka komo suka tarar da ƙasarsu ba ta gama yaƙin basasa ba, don sai a Janairun 1970 aka ajiye makamai. A shekarar 1970 aka ƙara da wata dokar da ta hana baƙi ƙananan sana'o'in kasuwa. Da aka sake ƙidaya a wannan shekara, baƙi sun ragu daga 12 cikin 100 zuwa ƙasa da 7.

Wa ya ci riba?

Gaskiya ne wasu 'yan ƙasa sun gaji rumfuna da shaguna a araha. Amma aikin da baƙi suka fi yi ba shi ne wanda ɗan makaranta ke nema ba. Wanda ya sami satifiket yana son kujera a ofis, ba zai tafi ƙungurmin daji ya zauna a bukka yana fasa koko ba. Dokar ta zo ne a tsakiyar babban girbi, manoma suka shiga kukan rashin hannu, kuɗin ƙodago ya hau. Tsoho mai gona wanda 'ya'yansa ke birni ya rasa mai yi masa shara da feshi. Itacen koko kuwa ba ya mutuwa rana ɗaya, a hankali yake rage haihuwa, saboda haka ɓarnar ba ta bayyana gaba ɗaya ba sai da shekaru suka tura.

Ba za a ce korar baƙi ita kaɗai ce ta durƙusar da kokon Gana ba. Hukumar cinikin koko, wadda aka kafa tun 1947, tana biyan manomi kaɗan daga abin da take samu a waje. Darajar da Gwamnati ta yanka wa kuɗin ƙasar, watau sidi, ta fi ta gaskiya nesa, don haka manoman kan iyaka suka riƙa tsallakar da kayansu Togo da Kwaddibuwa. Ga ciwon kumburin reshe da ya daɗe yana kashe itatuwa, ga tsufan gonaki, ga fari da gobarar daji ta 1983. Amma dukan waɗannan cututtuka maganinsu na bukatar hannu: sare itacen da ya kamu, dasa sabo, share gona don kada wuta ta ci. An kori hannun daidai lokacin da aka fi bukatarsa.

Leburorin kuwa ba su rasa wurin zuwa ba. Maƙwabciyar Gana ta yamma, Kwaddibuwa, tana da daji ba ta da isassun mutane, Shugaba Houphouet-Boigny kuma ya buɗe ƙofa, ya ce ƙasa ta wanda ya noma ta ce. Mosawa da mutanen Mali suka karkata can. Kafin ƙarshen 1978 Kwaddibuwa ta ƙwace wa Gana matsayi na ɗaya, har yau kuma ba ta sake shi ba. A kakar 1983 zuwa 1984 abin da Gana ta girbe bai kai tan 160,000 ba, watau bai kai sulusin na 1965 ba. Sai da aka gyara farashin manomi daga 1983, aka yi shekaru ana sabon dashe, kafin ta kai tan miliyan ɗaya a kakar 2010 zuwa 2011.

Shi kansa Dokta Busia korar ba ta cece shi ba. Rashin aiki bai tafi ba, bashi bai ragu ba. A Disambar 1971 ya karya darajar sidi, ran 13 ga Janairu 1972 Kanar Acheampong ya kifar da shi yana Ingila wajen ganin likita.

Ita ma Kwaddibuwa daga baya ta faɗa wannan rami. Da farashin koko ya faɗi, daji kuma ya ƙare, 'yan siyasa suka tono maganar wane ne ɗan ƙasa na asali, a ƙasar da ƙidayar 1998 ta nuna kashi ɗaya cikin huɗu na mazaunanta baƙi ne. Wannan magana na cikin abubuwan da suka kai ta ga yaƙin basasa a 2002.

Reshe ya juye da mujiya

Shekara huɗu bayan korar 1969 kuɗin man fetur ya hau, Nijeriya ta shiga gine-gine: gadoji, da tashar jiragen ruwa ta Tin Can, da rukunin gidajen Festac na bikin 1977. Shirin ba da ilmin firamare kyauta na 1976 ya bukaci malamai fiye da waɗanda ake da su. Gana kuwa ta shiga wahala. Sai ga 'ya'yanta suna kwararowa, malaman makaranta da birkiloli da teloli da masu gyaran takalma da direbobi, har Agege ta zama suna sananne a Kumasi. Yarjejeniyar ƙungiyar ECOWAS ta 1979 ta ba ɗan kowace ƙasa cikinta damar shiga wata ya yi kwana 90 ba tare da biza ba, amma kaɗan ne suka nemi izinin zama bayan kwanakin sun cika, ba kuma wanda ya matsa musu.

Da farashin mai ya faɗi, Gwamnati ta shiga tsuke bakin aljihu a 1982, masana'antu suka fara sallamar ma'aikata, sai aka ji irin waƙar da aka yi a Akra. Tarzomar Maitatsine ta Kano a Disambar 1980 ta ƙara wa maganar ƙarfi, tun da shi Muhammadu Marwa mutumin Kamaru ne. Ga kuma zaɓe na tafe. Ran 17 ga Janairu 1983 Ministan Harkokin Cikin Gida, Alhaji Ali Baba, ya ba baƙi marasa takarda sati biyu su fita. Kimanin mutum miliyan biyu suka tashi, wajen rabinsu 'yan Gana, sauran daga Nijar da Cadi da Kamaru da Togo da Binin. Mazauna Ikko na wancan lokaci sun ga yadda tashar Apapa da kan iyakar Seme suka cika da mutane. Gana ta rufe iyakarta tun 1982, sai da jama'a suka yi kwanaki a tsare kafin Gwamnatin Rawlings ta buɗe, an kuma yi asarar rayuka a hanya. Jakar leda mai zane wadda suka zuba kayansu a ciki har yau da sunansu ake kiranta.

Shin ayyuka sun samu? Makarantu masu zaman kansu sun rasa malamai, 'yan kwangila sun rasa gwanayen magina, amma masana'antun da suka rufe don rashin kuɗin sayo kayan aiki daga waje ba su buɗe ba. Ran 31 ga Disamba na wannan shekara soja suka kawar da Gwamnatin Alhaji Shehu Shagari. A 1985 Gwamnatin Janar Buhari ta sake wata korar, ita ma ba ta hana tattalin arziki ci gaba da taɓarɓarewa ba.

Abin da ya shafe mu

Ɗan Arewa da ke Agege ko Idi-Araba ko Sabon Badun ko Shagamu ba baƙon ƙasa ba ne. Sashe na 41 na Tsarin Mulkin 1999 ya ba shi ikon zama ko'ina a Nijeriya, sashe na 42 ya hana a nuna masa bambanci saboda ƙabila ko wurin haihuwa, na 43 kuma ya ba shi damar mallakar fili da gida. Amma matsayinsa a wajen aiki ya yi kama da na ɗan abusa. Shi ne mai gadi, da mai ruwa, da ɗan dako, da mai kawo shanu da albasa da tumatir, aikin da ba a lura da shi sai ranar da aka wayi gari babu mai yinsa. An ga haka a 2021, bayan rikicin kasuwar Shasha ta Badun, sa'ad da 'yan kasuwar Arewa suka tsai da motocin abinci na 'yan kwanaki. Tumatir da nama suka yi tsada a Ikko, a Arewa kuma kayan gwari suka riƙa ruɓewa a hannun manoma. Kowane ɓangare ya ji a jikinsa.

Sa'an nan kuma idan guguwar kora ta taso ba ta tsayawa tantance fuska. A 1969 ta kwashi waɗanda aka haifa a Gana. A nan gida ma, a Janairun 1980, an ɗauki Alhaji Shugaba Abdurrahman Darman, shugaban masu rinjaye a Majalisar Dokokin Jihar Borno, aka kai shi Cadi aka ajiye wai ba ɗan ƙasa ba ne, sai da kotu ta ce a dawo da shi. In an yi wa ɗan majalisa haka, ina ga mai tura baro wanda kamanninsa da harshensa ɗaya ne da na mutumin Maraɗi?

Saboda haka darasi na farko na takarda ne. Wanda ba shi da katin ɗan ƙasa ya je ya yi, ya yi wa 'ya'yansa takardar haihuwa, ya ajiye rasidin haraji da na rumfa da yarjejeniyar haya, ya kuma sa sunansa a littafin Sarkin Hausawa ko na ƙungiyar sana'arsa. 'Yan'uwanmu na Nijar da ke aiki tare da mu su fi kowa kula, tun da ƙasarsu da Mali da Burkina Faso sun fita daga ECOWAS a Janairun 2025. Mutanen 1969 sun yi shekara talatin ba wanda ya tambaye su takarda, rana ɗaya aka tambaya, aka kuma ba su kwana 14.

Darasi na biyu na hali ne. Idan aka fara cewa mutanen Nijar ko na Cadi ko na Togo su ne suka hana mu aiki, kada a ji bakinmu a ciki, haka nan idan aka faɗi irinta a kan Ibo ko Bayarabe a Kano ko Kaduna. Wanda ya bar gida ya fi kowa sanin cewa ba wanda ke barin iyalinsa ya zo ya kwana a bakin shago don ya cuci wani. Abin da ya ci Doma ba ya barin Awe, kuma Gana da Nijeriya duka sun gwada korar sun ga abin da ta haifa.

Allah Ya ba mu zaman lafiya da masu masaukinmu, Ya sa kowa ya ci guminsa.